Ziyara Garin Kahu: Yadda Ake Yi Wa Bishiyar Lambu Tarbiyya

A wannan watan ina so ki ɗan ajiye muciya da ludayi, ki yafa mayafinki, mu bar hayaniyar birni mu nufi kudancin Kano, ƙasar Rano da Kibiya, inda za mu yada zango a wani gari da ake kira Kahu. Dalilin tafiyar kuwa bishiya ce. A 'yan shekarun nan mata da yawa, wasu da kuɗin gado, wasu da kwasar adashi, wasu da ɗan abin da suka tara a sana'ar cikin gida, suna sayen fili a ƙauye da niyyar yin lambun mangwaro ko gwaiba domin 'ya'yansu su sami madogara. Niyya ce mai kyau ƙwarai. To amma in kin saurari hirarsu, tambaya biyu ce ke yawo: wane iri zan dasa, kuma wane taki zan sa? Da wuya ki ji wadda ta tambayi siffar da za ta ba bishiyar, alhali kuwa shawara ce da ake yanke ta a shekaru ukun farko, a kuma zauna da sakamakonta shekara talatin ko fiye.

Daga Kano titin Zariya za ki ɗauka, sannan ki karkata hagu ki bi ta Bunkure. Ko da rani kika bi wannan hanya idonki zai huta, domin nan ne yankin noman rani da ke shan ruwan madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako. Shinkafa, masara, tumatir da albasa ne hagu da dama. Daga nan sai Rano, ɗaya daga cikin Hausa Bakwai, garin da duwatsu suka yi wa ƙawanya, wanda tarihi ya san shi tare da Kano wajen baba da rini. Tun 2024 masarautar Rano ƙananan hukumomi uku ta ƙunsa, wato Rano da Bunkure da Kibiya. In kin bar Rano kika yi gabas kin shiga ƙasar Kibiya, Kahu kuma ɗaya ce daga cikin mazaɓunta.

Gari ne na manoma. Dawa, gero, masara, gyaɗa da wake su ne abin yi da damina, ga ɗorawa da kuka da tsamiya tsaitsaye a cikin gonaki kamar masu gadi. Ruwan sama a nan ya ɗara na arewacin jihar, amma duk da haka rani yakan ɗauki kusan wata bakwai, kuma ki riƙe wannan a ranki domin za mu dawo kansa. Na je ne da bazara, lokacin da mangwaro ya nuna, kowane yaro ka gani bakinsa da gaban rigarsa sun yi rawaya. Lambu uku na shiga a kewayen garin, kowanne da irin tafiyar da mai shi ya zaɓa wa bishiyoyinsa.

Na farko lambun gado ne a bakin wata fadama. Bishiyoyi ne manya-manya, waɗanda mutum ɗaya ba zai iya rungume gindinsu ba, sun haɗe kai ta sama har rana ba ta sauka ƙasa. Wurin akwai daɗin zama, sanyi kamar an yi yayyafi, in aka shimfiɗa miki tabarma ba za ki so tashi ba. Amma ɗaga kanki sama. Duk cikin bishiyar itace ne tsirara, busassun rassa da kauci, 'ya'yan kuwa suna can ƙololuwa da gefe-gefe. Dalili shi ne mangwaro a bakin reshe yake yin huda, kuma reshen da rana ke bugu shi ya fi yi. Idan aka bar shi ya yi gaban kansa, kowace shekara ganyen da 'ya'yan sai su ƙara gudu sama da waje suna neman haske, cikin kuma ya zama fanko. Wato bishiyar tana ƙara girma, abin da hannu zai kai gare shi yana ƙara nisa.

Na tambayi dattijon da ke kula da wurin, na ce, "Baba, na can sama fa, yaya kuke yi da shi?" Ya yi murmushi ya ce, "Malama, ai sai yara masu hawa, ko a kaɗa da gora. Wanda ya faɗo ya fashe, rabon awaki ne." Ki duba asarar da ke cikin wannan amsa. Mangwaron da ya faɗo daga nisan mita goma ko bai fashe ba ya ƙuje, kwana biyu ya yi baƙi a wurin, kafin ya isa kasuwar 'Yan Lemo ta Na'ibawa darajarsa ta zube. Sannan ga abin da ya fi damuna a matsayina na uwa: kowace shekara lokacin mangwaro lokacin cinikin maɗori ne. Reshen mangwaro yana da gautsi, yaro kuma ba ya auna nauyinsa. A makarantun Islamiyya mun saba ganin ɗalibi ya ɓace mako biyu a irin wannan lokaci, ya dawo da hannu a ɗaure da karare.

Akwai kuma wata matsala da tsawon bishiya ke jawowa wadda ba kowa ke lura da ita ba. Tunda mai lambu ba zai iya tsinka da kansa ba, musamman in mace ce ko tsoho, sai ya sayar da bishiyar ɗungurungum ga ɗan kasuwa mai yaran hawa. Sau da yawa ana ƙulla cinikin ne tun tana huda, saboda buƙatar kuɗi ta taso. Mai saye yakan karya farashi domin shi ma caca yake yi da iska da ƙwari, ga shi kuma malamanmu sun yi bayanin hanin sayar da 'ya'yan itace kafin kyansu ya bayyana. Da bishiyar gajera ce, da mai ita ta tsinka kwando-kwando gwargwadon yadda ya nuna, ta sayar da abin da ido ya gani.

Kada dai in zalunci waɗannan tsofaffin bishiyoyi. Ba su ci kuɗin kowa ba, saiwarsu ta yi nisa har ba sa neman ban-ruwa, saniya ba ta kai ga ganyensu, kuma a shekara mai kyau guda ɗaya takan cika kwanduna da yawa. A ƙofar gida ko filin makaranta, inda inuwa ake nema, babu kamarsu. Lambun kasuwanci ne dai ba su dace da shi ba.

Lambu na biyu shi ya fi ɗaukar mini lokaci. Na wani tsohon malamin gona ne da ya yi ritaya ya dawo gida. Duk bishiyoyinsa 'yan aure ne, an jera su layi-layi, mita shida tsakanin kowace da 'yar'uwarta, kuma babu wadda tsayinta ya wuce mita uku zuwa huɗu. Gindin gajere ne, bai wuce ƙugun mutum ba, daga nan manyan rassa uku ko huɗu suka buɗe kowanne ya fuskanci nasa ɓangaren, tsakiyar kuma a sake take, iska na ratsawa. In kin tsaya daga nesa sai ki ga kamar an ɗora ƙwarya a kan turmi. Uwargidansa da 'ya'yansu mata biyu na tarar suna tsinka, ƙafarsu a ƙasa, na saman kuma da 'yar gajeriyar gora mai jaka a baki. Kowane ɗa da ɗan guntun karansa ake cire shi, a kife shi ƙasa ƙaron ya tsane, saboda ƙaron mangwaro yana ƙona fatar ɗan itacen, yana kuma ƙona ta mutum.

Ga yadda ya ce ana kai bishiya ga wannan siffa, kuma ki karanta a hankali domin nan ne aikin yake. Bayan dashe, sai a bar ta ta miƙe sanda ɗaya har ta kai kamar mita guda. Daga nan a datse kan da almakashi mai kaifi, a bar kamar santimita 70 zuwa 80 daga ƙasa. Mangwaro yana da wurare a jikin sandarsa inda ganye ke taruwa kamar zobe. A ƙarƙashin zoben ake yanka, domin in aka yanka a samansa toho zai fito cunkus a wuri ɗaya, mahaɗar ta yi rauni, wata rana iska ta tsage ta. Cikin tohon da ya fito a zaɓi uku ko huɗu masu ƙarfi da suka kalli ɓangarori daban-daban, a cire sauran. Idan waɗannan suka kai kamar kamu guda, ganyensu ya yi kore sosai, su ma a datse bakinsu, kowanne ya ba da biyu ko uku. Haka za a yi ta yi shekara biyu zuwa uku. Hikimar ita ce, tunda a bakin reshe ake samun 'ya'ya, duk datsewa ɗaya ƙarin bakuna ce, kuma a ƙasa-ƙasa inda hannu ke kaiwa. Duk tohon da ya fito a ƙarƙashin wurin auren a cire shi nan take, don na uwar gindin ne, in aka ƙyale shi zai rinjayi irin da kika saya da kuɗinki.

Abin da ya fi yi wa masu sabon lambu wuya, in ji shi, shi ne cire hudar shekarar farko da ta biyu. Ɗan aure yakan yi saurin huda tun yana ƙarami, mai shi kuma ya yi ta murna yana kiran mutane su zo su gani. Amma bishiyar da aka bari ta ɗauki 'ya'ya tun ba ta yi ƙashi ba takan tsumbure. Mu iyaye mata ai ba sai an yi mana dogon bayani a nan ba, da ma Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Da na yaba masa wannan siffa ta ƙwarya, sai ya ce ai ba shi ya ƙirƙiro ta ba, tsohuwar dabara ce ta masu lambu a ƙasashen sanyi, musamman masu noman wani ɗan itace da Turawa ke kira fic, Larabawa kuma khaukh. Wadda ta je aikin Hajji ko Umara wataƙila ta gan shi a shagunan Makka da Madina: ya yi girman lemo, fatarsa da ɗan gashi-gashi mai laushi, ja da rawaya, da ƙwallo ɗaya a ciki. Asalinsa daga ƙasar Sin ne, kuma ita ke noma fiye da rabin na duniya. A nahiyarmu Masar da Afirka ta Kudu suna cikin masu nomansa. Kada wani mai sayar da dashe ya ruɗe ki da shi a ƙasar Kano. Bishiya ce da sai ta sha ɗaruruwan sa'o'i na sanyin da ya sauka wajen digiri 7 kafin ta farka ta yi fure yadda ya kamata, hunturunmu kuwa, duk da rawar ɗarin da muke yi, bai kai nan ba. Abin da za mu ɗauka a wurin masu nomansa shi ne dogon gwajin da suka yi a kan siffar bishiya, domin matsalarsu irin tamu ce.

Matsalar kuwa ita ce: masu noman tuffa sun huta, suna da uwar gindi da ake aura wa tuffa ta hana ta girma, kamar wadda ake kira M9 da aka tantance a tashar bincike ta Is Malin a Ingila. Masu fic ba su sami irin wannan da ta karɓu ko'ina ba, haka ma masu mangwaro. Saboda haka almakashi da zarto ne ke riƙe bishiyar. Siffar da suka daɗe a kai ita ce ƙwaryar nan, da tazara mai faɗi, bishiya kamar 300 a hekta ɗaya, wato kusan eka biyu da rabi. Wasu suka gwada barin uwar sanda ɗaya ta miƙe a tsakiya, ƙananan rassa na fita a jikinta, faɗi a ƙasa tsini a sama kamar dalar gyaɗa. Sai kuma siffar gwafa, inda ake barin manyan rassa biyu kacal, ɗaya ya kwanta dama ɗaya hagu, a matse bishiyoyin a cikin layi har hekta ta ɗauki wajen dubu ko fiye. A garin Tatura na ƙasar Ostareliya, a shekarun 1970, aka fito da wadda ake ɗaure rassan a jikin waya da turaku; a Kalifoniya ta Amurka kuma, a tashar bincike ta Kani, aka fito da wadda ba ta buƙatar waya. Daga baya aka zo da gwafa mai rassa huɗu da mai shida, waɗanda suke tsakanin ƙwarya da gwafa mai biyu.

Abin da gwaje-gwajen suka yi ta nunawa bai da wuyar fahimta. Dashen matsi yana saurin cika fili, yana ba da amfani mai yawa tun shekarun farko, amma kuɗin dashe da na kafa shi ya ninka, 'ya'yan sukan ɗan ƙanƙance, kuma in aka yi sakaci da aski shekara ɗaya ƙasan bishiyar ya shiga duhu ya daina haihuwa. Mai faɗi yana da arha amma sai an yi haƙuri. Sau da yawa in aka zauna aka yi lissafin abin da ya shiga da abin da ya fita, na tsaka-tsakin ne ke fitowa da riba mai kyau. Kuma kusan kowa a cikinsu yanzu ƙoƙarinsa bishiya ta sauko, a rage hawa tsani, saboda kuɗin leburori ya fi komai ci musu tuwo a ƙwarya.

Sai dai akwai bambanci ɗaya da tsohon malamin gonan ya ja kunnena a kai. Su can rana suke farauta, mu kuwa a nan ta yi mana yawa. In kika buɗe tsakiyar mangwaro fayau kamar yadda ake yi wa fic, ranar watan Maris da Afrilu za ta ƙona bawon manyan rassan ya tsattsage, gara da ƙwari su sami ƙofa. Don haka ƙwaryarsa ba wangamammiya ba ce. Yakan cire reshe ɗaya ko biyu da suka miƙe tsaye a tsakiya, ya bar ƙananan ganye su yi wa itacen lema, inda kuma ya tsiraita ya shafa masa farar ƙasa. Ma'auninsa shi ne, in ka tsaya a gindin da tsakar rana ka ga haske ɗigo-ɗigo a ƙasa kamar zanen atamfa, to ya yi daidai.

Gajeriyar bishiya ma tana da nata kuɗin da ake biya, kuma bai ɓoye mini ba. Abin da hannunki ya kai gare shi, hannun ɓarawo ma ya kai, bakin akuya da na saniya ma sun kai. Da rani, lokacin da ake sakin dabbobi, lambun da ba shi da shinge mai ƙarfi kiwo ne kawai aka shuka. Ga kuma askin kowace shekara da ba a tsallakewa.

Lambu na uku na wani matashi ne mai himma, wanda ya ga yadda ake yi a Indiya ta wayarsa ya ce shi ma sai ya gwada. Abin da ya gani gaskiya ne. A can akwai masu dasa mangwaro mita uku tsakanin layi da layi, mita biyu tsakanin bishiya da bishiya. Ki yi lissafi da kanki: tazarar mita goma-goma irin ta da tana ba da bishiya 100 a hekta, ta mita biyar-biyar 400, wannan kuwa sama da 1,600. Indiyawa har da irin mangwaro mai ƙaramin jiki suka fitar a 1971, mai suna Amrapali, wanda ya dace da matsi. A jihar Kwinsland ta Ostareliya ma an yi gwajin shimfiɗa mangwaro a jikin waya kamar danga. Amma duk inda wannan tsari ya yi nasara za ki tarar da ban-ruwa na ɗigo ta cikin siraran bututu, da taki a kan ƙa'ida, da ma'aikatan da suka san aski.

A nan ne watanni bakwai ɗin nan na rani suka dawo. Matashin da rijiya ɗaya da ƙaramin inji yake shayar da lambun, kuma daidai lokacin da 'ya'yan ke cika, rijiyar ke ja da baya. Bishiyoyin da aka matse saiwarsu na rububin ruwa ɗaya ne, ba su da haƙurin tsohuwar bishiyar bakin fadama. Sannan irin da ya samu a wurin masu dashe na gida mai ƙarfin girma ne, rassan sun riga sun fara cuɗanya da juna. Na ce masa, "Ɗan'uwa, yanzu mece ce dabara?" Ya ce, "Malama, ko dai in ƙara rijiya, ko in cire ɗaya in bar ɗaya." Ni dai ban ga laifinsa ba, ya sami 'ya'ya da wuri fiye da maƙwabtansa, kuma cire ɗaya a bar ɗaya dabara ce da masu lambu ke yi da gangan: a ci amfanin matsi a farkon shekaru, in sun haɗe a rage. Amma mace mai ɗan jarin da ba ta da na ƙari, wadda kuma ba kullum take zuwa gonar ba, ban ba ta shawarar ta fara da wannan ba.

In kin tambaye ni, tsarin lambu na biyu shi ya dace da yawancinmu: ɗan aure, tazarar mita shida ko bakwai, siffar ƙwarya mai ɗan rufi, tsayi kada ya wuce inda gajeriyar gora ke kaiwa. A mita shida-shida hekta za ta ɗauki kusan bishiya 280. Shekaru uku ko huɗun farko, kafin inuwa ta rufe, tsakanin layukan ba zai zauna banza ba, a sa wake ko gyaɗa da damina, albasa ko barkono da rani in akwai ruwa, su riƙa biyan kuɗin mai gadi da man inji.

Wani amfanin gajarta da ban so in manta shi ne yaƙi da ƙudan mangwaro, wanda ke huda ɗan itace ya yi ƙwai, ki yanka ki tarar da tsutsa. Wani mugun nau'insa ɗan asalin Asiya an fara ganinsa a Kenya a 2003, cikin 'yan shekaru ya bazu har Afirka ta Yamma, kuma yawansa na ƙaruwa in damina ta kama. Saboda haka masu irin da ke nuna a makare, wanda ya fi tsada don kasuwa ta yi sauƙi, su suka fi shan wahalarsa. A gajeriyar bishiya ana iya rataya tarko, a ga wanda ya kamu a cire, a tsince na ƙasa kullum a binne shi da zurfi ko a ɗaure a baƙar leda a bar shi a rana. A bishiyar da ta fi soro tsawo wa zai yi wannan?

Sauran itatuwan kowanne da halinsa. Gwaiba a sabon toho take haihuwa, don haka tana son aski, har a Laknau ta Indiya an fito da tsarin dasa ta mita biyu da mita ɗaya, bishiya 5,000 a hekta, ana riƙe ta kamar kurmin lalle. Lemo kuwa ba ya son a dame shi, a cire busasshe da mai cuta da tohon ƙasan aure a ƙyale shi. Zogalen bayan ɗakinki ma ai kin san in kika bar shi ya zama sandar tuta sai kin nemi mai hawa, in kika datse shi daidai ƙirji ya yi ta ba ki ganye a hannu. Wannan ilmi da ma muna da shi. Ko a ƙasar Maraɗi, tun shekarun 1980, abin da manoma ke kira sassabin zamani ke nan: a sami kututture mai toho da yawa a gona, a zaɓi 'yan ƙalilan masu ƙarfi a bari, a cire sauran, har ya koma bishiya.

To wadda ta gaji tsofaffin bishiyoyi irin na lambun farko fa? Ba sai ta sare su ba. Ana iya sauko da su, amma a hankali, kashi-kashi cikin shekara biyu ko uku, domin wadda aka yi wa babban yanka takan yi shekara ɗaya ko biyu ba ta haihu ba, in aka yi wa duka lokaci guda gida ya rasa kuɗin shiga. Da zarto ake yi, a karkace yankan don kada ruwa ya kwanta, ba a sassara da gatari ba. In irin ba mai daraja ba ne, mai zare da kasuwa ba ta so, ana iya aura wa sabon tohon da ya fito iri mai kyau, a ci gajiyar tsohuwar saiwa. In kuma lambun na tarayya ne tsakanin magada, a zauna a yi shawara kafin a ɗora zarto, don reshen da aka yanke ba ya komawa.

Lokacin askin shekara-shekara shi ne da zarar an gama tsinka, gab da faɗuwar damina, domin sabon tohon ya sami watannin da zai ƙosa kafin hunturu ya zo da huda. Wanda ya yi aski a watan Nuwamba ko Disamba hudar bana ya zubar da hannunsa. Wajen sayen dashe kuma, ki aika wanda zai duba tabon auren da idonsa, ya tambayi sunan irin da kuma ko mai ƙarfin girma ne. Cibiyar binciken kayan lambu da 'ya'yan itatuwa ta ƙasa, NIHORT, wadda aka kafa a 1975 da hedikwata a Ibadan, tana da reshe a Bagauda, ba nisa da wannan yanki, ga kuma malaman gona na hukumar KNARDA. Ki sa maigida ko ɗanki ya nemi wanda zai zo gonar ya yi yankan farko a gaban mai kula da ita, ya nuna masa zoben ganyen da inda ake ɗora almakashi, tun dashen bai wuce mita guda ba.